Daga Cibiya Zuwa Ƙasa

Makon jiya wani dattijo ya kira ni bayan sallar isha'i. Ban san shi ba, wani ne ya ba shi lambata. Ɗansa ya faɗi da babur a hanyar Mando, ƙashin baya ya karye, yau kwana goma sha biyu ƙafafu ba sa motsi. Bayan mun gaisa na yi masa jaje, sai ya ce, "Malam, an ce kai ka san kan abin nan. Wace ƙasa ce ta fi iya allurar sitem sel, wadda aka ce tana tayar da wanda ƙafafunsa suka mutu? Ina da gona wajen Birnin Yero, har na sa dillali."

Na yi shiru har ya ɗauka layin ya yanke. Da irin wannan muryar mahaifiyata ta yi magana a tsakar gidanmu a 2021. Na roƙe shi ya dakatar da dillalin, na ce zan zo asibitin da kaina. Daren nan na yi wa kaina alkawari zan rubuta abin da ya same ni tun daga farkonsa, domin na gaji da faɗinsa guntu-guntu ta waya ga mutanen da hankalinsu a tashe yake.

Sana'ata wayarin. A Tudun Wada aka haife ni, a nan Kaduna na yi karatun lantarki, na kuma shafe shekara goma sha ɗaya ina hawa rufin mutane ina ɗaura musu sola. A watan Disamban 2019, da sanyin safiya, muka je wani gida a Unguwar Rimi za mu kafa faifan sola a saman ƙarfen tankin ruwa. Hazo ya sauka sosai ranar, ƙura ta kwanta a kan ƙarfen kamar an barbaɗa gari. Bel ɗin ɗaure jiki yana cikin jakata a ƙasa. Na ce aikin minti biyar ne. Saura noti ɗaya in ɗaure ƙafata ta zame, na faɗo ta baya a kan tarin bulo.

Ban suma ba. Ina tuna farin sama, ina tuna numfashina ya ɗauke sannan ya dawo da ƙyar. Akwai kuma abin da har yau nake juyawa a raina idan barci ya ƙi zuwa: na kalli ƙafata ta dama, takalmin ya fita, na ce wa babban yatsana ya motsa, ya kuwa motsa. Kaɗan ne, amma na gani da idona.

Yarana suka rugo suna salati suna "Oga! Oga!" Biyu suka kama hannuwa, biyu suka kama ƙafafu, suka ɗaga ni, tsakiyata ta lanƙwashe kamar buhun da bai cika ba. Suka tare Keke Napep suka zaunar da ni, ɗaya ya rungume ni ta gefe. Kowane rami muka faɗa sai in ji kamar an sa min garwashi a baya. A ƙofar asibiti na sake ce wa yatsan ya motsa. Bai amsa ba, har yau.

Daga baya na tambayi likita ko ɗaukar ce ta ƙarasa ni. Ya ce babu mai iya rarrabe ɓarnar faɗuwa da ɓarnar ɗauka, domin kumburi kaɗai ma yakan kashe motsin da aka gani da farko. Ban taɓa riƙe yaran nan a zuciyata ba. Ƙauna ce ta sa su, kuma ni ne babba, ni ya kamata in koya musu, ni ɗin ma ban sani ba. Wanda ya faɗo daga sama ko ya yi hatsari yana kukan baya ko wuya, ba a cicciɓarsa, ba a zaunar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe masa kai daidai da jikinsa, sauran su mirgina shi baki ɗaya kamar gungumen itace a kan faffaɗan katako, ko ƙyauren ƙofa ne, a kai shi a kwance. Gidan da na faɗi kafintoci suna aiki a ciki, katako ko'ina.

A asibiti likita ya ɗauki allura yana tsikarina daga ƙirji yana gangarowa. "Kana ji?" Ina ji. "Nan fa?" Ina ji. Da ya zo daidai cibiya sai na ga hannunsa yana ta aiki ni kuwa kamar jikin wani yake taɓawa. Ya rubuta T10, wato matakin da ji ya tsaya, daidai cibiya, ya rubuta A. Sai daga baya na san ma'aunin nan daga A yake zuwa E: E lafiyayye ne, A kuwa shi ne wanda babu ji babu motsi har ƙarshen jiki. Likitoci sun fi son a yi aikin ɗage ƙashi daga kan laka cikin awa 24. Nawa sai a rana ta shida, bayan 'yan uwa sun gama karo-karo. Aka sa min ƙarafa biyu da kusoshi.

Da na farfaɗo na tambaye shi yaushe zan taka. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Ƙashi muka gyara. Laka ba ta ɗoruwa da ƙarfe." Da ya ji sana'ata sai ya yi min bayani da harshen da nake ganewa. Laka kebur ce, kaurinta bai wuce ɗan ƙaramin yatsa ba, ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya, cike da siraran wayoyi marasa adadi, kowace da rufinta kamar robar da ke jikin waya. Idan ƙashi ya murƙushe ta, wasu wayoyin su tsinke, wasu su saɓule robarsu. Cikin awoyi da kwanakin da ke biyo baya kumburi da ƙarancin jini su ƙara cinye waɗanda suka tsira, kamar gobarar da ke bin waya bayan tartsatsi. Sannan jiki ya toshe wurin da tabo, wani lokaci har da kogo a tsakiya. Jijiyar hannu idan ta yanke tana iya tsirowa a hankali, wajen milimita ɗaya a rana. Ta cikin laka ba ta yin haka.

Aka sallame ni, ba a jima ba kullen korona ya rufe Kaduna. Zuwa gashin ƙashi ya tsaya.

Wanda bai zauna da mai ciwon laka ba yana ɗauka rashin tafiya ne babban abin. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Fitsari ba ya fita sai da roba. Bayan gida ba ya sallama. Namiji mai 'ya'ya uku, a wayi gari matarsa tana gyara shi kamar jariri, tana kau da kai don kada ya ga idonta, shi ma yana kau da kai don kada ta ga nasa. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, tun ina yaro "wannan" take cewa, ba ta zama ɗaki ɗaya da ni ta daɗe. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da uwargidana, Inna ce ta shigo da ruwan ɗumi a roba, ba ta ce komai ba, ta naɗe hannun rigarta ta wanke ni tas. Da ta gama ta tsaya a bakin ƙofa ta juya min baya ta ce, "Allah ya ba ka lada." Na rufe fuskata da filo.

Sai gyambo. Ya fara ne da jan tabo kamar kwabo a saman mazaunina, ba na jinsa, ba na ganinsa. An gaya mana a riƙa juya ni duk bayan awa biyu, amma mutum biyu ne, dare kuma yana da tsawo. Cikin mako uku tabon ya zama rami, ramin da ke haɗiye naɗin bandeji guda. Warinsa ya riga kowa shiga ɗakin.

Masu ba da shawara ba su yanke ba. Wani ya kawo sunan maɗori a wani ƙauye, na ƙi, domin na san akwai ƙarfe a bayana. Rubutu da tofi da addu'ar malamai na karɓa da hannu biyu, har yau ina karɓa, su suka riƙe min zuciya lokacin da babu abin da ke riƙe ta.

A farkon 2021 wani abokina ya turo min bidiyo ta WhatsApp. Wani mutum ne a wani asibitin waje mai sheƙi, an nuno shi a keken guragu, sai aka nuno ana yi masa allura a baya, sai ga shi tsaye tsakanin ƙarafa biyu yana jan ƙafa, ma'aikata suna tafi. Na kalle shi ya fi sau hamsin a dare ɗaya. A ƙasa akwai lamba. Wanda ya ɗauka Hausarsa garau, ya kira ni ɗan uwa, ya ce ya kai mutane da yawa sun dawo da ƙafafunsu. Ko hoton bayana bai nema ba ya ce na dace. Ya faɗi kuɗi da dala, rabi kafin a tashi.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na kama.

Inna tana da fili a Rigachikun. Da kuɗin waina da adashe ta saye shi, shekara da shekaru tana tashi kafin asuba tana hura wuta. Shi ne kaɗai abin da ta mallaka da sunanta. Da labari ya kai mata, ta fito tsakar gida ta ce wa ƙanena, "Nemo dillali. Ƙasa ce, ana samun wata." Na ji ta daga ɗaki, ban hana ba. Wannan yana cikin abubuwan da nake neman gafarar Allah a kansu.

Autarmu ce ta tsaya. Lokacin tana karatun haɗa magunguna a Zariya. Ta zo hutun ƙarshen mako, ta durƙusa gefen gadona ta ce, "Yaya, don Allah ka ba ni mako biyu kafin a karɓi kuɗin kowa." Ta koma, ta dawo da takardu cike da jaka.

Abin da ta fara cewa shi ne, "Yaya, ilimin gaskiya ne. Mutumin ne ban yarda da shi ba." Ta ce jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, kowace da aikinta, ta jini daban, ta fata daban, ta jijiya daban. Akwai kuma waɗanda ba su riga sun kama fanni ba, kamar yaron da aka kawo shago yau, suna iya hayayyafa kuma suna iya zama wani abu. Su ne ƙwayoyin asali, su ake kira sitem sel. Na cikin ɓargo su ke haifar da jini, shi ya sa dashen ɓargo yake warkar da wasu masu sikila, har an fara yin sa a Najeriya a asibitin koyarwa na Benin a 2011. Wannan magani ne da ya tabbata. Na laka kuwa har yanzu a matakin gwaji yake.

Ta ce masu bincike suna son ƙwayoyin su yi ɗaya daga cikin ayyuka kaɗan: su sake naɗe wayoyin da suka saɓule, ko su zama sababbin jijiyoyi su yi gada a kan wurin da ya tsinke, ko su kwantar da kumburi su ciyar da abin da ya rage da rai. Nan na gane wahalar abin tun kafin ta faɗa. Duk mai wayarin ya san haɗa waya ba wuya, kai kowace inda ta dace shi ne aikin. Kebur mai waya goma ma idan ka rikita ta sai ka yini. Ina ga wadda ba ta ƙirguwa, kuma a cikin tabo?

Sannan ta karanto min tarihin. A 2010 wani kamfani a Amurka mai suna Geron ya fara gwajin farko na irin waɗannan ƙwayoyi da aka samo daga ɗan tayi na kwanakin farko, don su gyara rufin jijiya. Mutum biyar aka yi wa. A ƙarshen 2011 kamfanin ya dakatar saboda kuɗi. Ƙwayoyin ba su cutar da su ba, amma babu wanda ya tashi. A Japan, Shinya Yamanaka ya gano a 2006 yadda za a ɗauki ƙwayar fata a mayar da ita ta asali, ya samu kyautar Nobel a 2012, abin da ya sa ba sai an taɓa ɗan tayi ba. A Japan ɗin dai, a ƙarshen 2018, hukuma ta ba wani magani mai suna Stemirac izini na wucin gadi, ana ɗebo ƙwayoyi daga ɓargon majinyaci a ninka su a mayar masa ta jijiyar jini. Mutum 13 kacal aka gwada a kansu, kuma babu wani rukuni da aka bari ba allura don a kwatanta, shi ya sa masana da yawa suka yi ca a kan izinin.

Na ce mata to ai sun samu sauƙi. Ta ce a nan gizo yake saƙa. Mai ciwon laka, musamman wanda tasa ba ta mutu gaba ɗaya ba, yakan samu ɗan sauƙi da kansa cikin wata shida zuwa shekara ta farko. Idan ka yi masa allura a tsakanin nan, ka haɗa masa da gashi mai ƙarfi kullum, ya samu sauƙi, wa za ka yaba? Sai ta karɓi wayata ta buɗe bidiyon nan, ta tsayar da shi daidai inda mutumin yake tsaye, ta buɗa hoton da yatsu biyu. A ƙasan wandonsa, wajen idon sawu, ga bakin ƙarfe yana leƙowa. Ƙarafan ɗaure gwiwa ne. Ni ma an taɓa tsayar da ni da irinsu a ɗakin gashi, nauyina duk a hannuwana. Sau hamsin na kalla ban gani ba.

Na ƙarshe da ta karanto shi ya fi tayar min da hankali. A 2016 likitoci a Boston suka wallafa labarin wani Ba'amurke ɗan shekara 66 da ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki, ya bi asibitocin kuɗi a Sin da Ajantina da Meziko ana yi masa allurar ƙwayoyin asali a baya. Daga bisani ƙari ya tsiro masa a cikin ƙashin baya ya danne laka, ƙafafunsa suka mutu. Da aka auna ƙarin, ƙwayoyin da ke cikinsa ba nasa ba ne. Abin da ke iya hayayyafa ya zama komai, yana iya hayayyafa ya zama abin da ba a so.

Ta rubuta min tambayoyi na tura wa mutumin: wane irin ƙwayoyi ne, daga jikin wa, a wace mujallar likitoci aka buga sakamakonsu, mutum nawa ne masu A irina suka taka, wa zai ɗauki nauyi idan wani abu ya faru bayan na dawo Kaduna. Ya turo ƙarin bidiyo uku. Na sake tambaya. Ya ce, "Ɗan uwa, kai dai ka yarda da Allah," ya ƙara da cewa farashi zai tashi ƙarshen wata.

Duk da haka ban haƙura ba. Fushi na yi, kuma da ita na yi. Na ce mata, "Ke da kike yawo da ƙafafunki, me kika sani?" Ta tattara takardunta tana hawaye ta fita. Kwana tara ban ɗauki wayarta ba. Mutumin can yana sayar min da ƙarya ina ce masa na gode, wadda ta kwana tana karatu domina kuma na kore ta. Na nemi yafiyarta, ta yafe, amma maganar ba ta bar kunnena ba.

Ƙanena ya kai Inna wurin likitana, wai ko shi zai goyi bayan tafiyar. Inna ta ce masa, "Likita, ai Manzon Allah ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta." Ya ce, "Gaskiya ne, Hajiya. A wata ruwayar kuma an ƙara da cewa wanda ya san shi ya san shi, wanda bai san shi ba bai san shi ba. Wannan maganin ana kan nemansa, mutanen kirki suna nema dare da rana. Amma waɗanda suke nema da gaske ba sa karɓar kuɗin gida a hannun majinyaci, su suke zaɓar wanda ya dace da gwajinsu, su gaya masa ƙila ba zai amfana ba. Ki riƙe filinki. Abin da ke neman ran ɗanki yanzu yana mazauninsa."

Mako biyu bayan nan maganarsa ta tabbata. Gyambon ya ruɓe, zazzaɓi ya rufe ni, ina rawar sanyi cikin zafin watan Afrilu. Aka mayar da ni asibiti. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani bawan Allah, tsohon direban tirela. Shi ya je. Ya sayar da gidansa, ya yi mako uku a can, an yi masa allura huɗu. Ya ciro wata leda daga ƙarƙashin filo ya nuna min takarda mai hatimin zinariya da hotunansa da ma'aikata suna murmushi. Ya ce, "Abin da na dawo da shi ke nan." Yanzu haya yake yi, kuɗin robar fitsari ma yana gagararsa, ɗaya yake barin ta wata da watanni har ciwo ya hau masa ƙoda. Ya ce min, "Ƙanena, da na san haka, da katifa na saya." Bayan wata biyu matarsa ta kira ta ce ya rasu. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

A kwanciyar nan ce wata ma'aikaciyar gashi ta ba ni labarin Ludwig Guttmann, likitan da ya gudo daga Jamus ya buɗe sashen masu ciwon laka a Stoke Mandeville ta Ingila a 1944. Kafin shi, mafi yawan sojojin da suka ji irin wannan rauni ba sa daɗewa, gyambo da ciwon mafitsara ke kashe su. Bai gyara lakar kowa ba. Ya dai tsaya kai da fata a juya kowane majinyaci duk awa biyu, dare da rana, a kula da fitsari da tsafta, a tashe su su yi sana'a da wasa. Daga wasannin da ya fara a 1948 gasar nakasassu ta duniya ta samo asali. Na yi ta tunani: na yi watanni ina bin fata a waya, na bar fatar jikina tana ruɓewa.

Ba a sayar da filin ba. Motata na sayar. Muka sayi katifar iska, da matashin zama na musamman, muka faɗaɗa ƙofar banɗaki, muka zuba gangare a ƙofar gida. Na koyi sa wa kaina roba in zubar da fitsari in cire, duk awa huɗu zuwa shida, da hannu wankakke. Na koyi tsara bayan gida a kan lokaci ɗaya, har na daina tsoron fita. A kan keke ina ɗaga jikina da hannuwa akai-akai don jini ya zaga. Safe da dare ina duba bayana da madubi mai dogon hannu. Gyambon ya ɗauki wata bakwai kafin ya rufe. Ranar da uwargidana ta cire bandeji ta ce, "Baban yara, ya haɗe," sai da ta yi sujada a tsakar ɗaki.

Kafinta ya yi min tebur daidai tsayin kekena. Ina gyaran inbata da caja da fanka, yara suna fita aikin sola da sunana. Babu mai hawa ko tsani ba bel, wanda ya ƙi ya nemi wani ogan. A cikin kayan aikinmu akwai faffaɗan katako da ba a yin komai da shi, an huda shi an zura igiyoyi, duk inda za su yana tare da su. Gari dai har yanzu bai san da mu ba. An sa hannu a dokar kare haƙƙin nakasassu a Janairun 2019, aka ba gine-gine shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce, amma wurare da yawa sai an ɗauke ni kamar kaya. Masallacin unguwarmu kam matasa sun yi karo-karo sun zuba gangare, ina shiga sahu da kaina.

Ban daina bin labarin binciken ba, auta ce ke turo min. A 2024 asibitin Mayo na Amurka ya fitar da sakamakon mutum goma da aka ɗebi ƙwayoyi daga kitsen jikinsu aka ninka aka zuba musu a ruwan laka. Bakwai sun ɗan matsa gaba a ma'aunin nan, uku ba su canza ba, kuma masu binciken da kansu suka ce matakin farko ne, na duba ko abin ba ya cutarwa. A watan Maris na 2025 kuma ta kira ni muryarta tana rawa. Jami'ar Keio da ke Tokyo, ƙarƙashin Hideyuki Okano da Masaya Nakamura, ta dasa ƙwayoyin jijiya wajen miliyan biyu, waɗanda aka yi ta hanyar Yamanaka, a cikin lakar mutum huɗu, dukansu masu A. Bayan shekara ɗaya, ɗaya ya koma C, ɗaya ya kai D har yana tsayuwa da kansa. Biyu ba su samu wani canji ba. Ba a ga mummunar illa ba.

Na yi kuka ranar, kukan murna. Daga A zuwa D! Na san abin da wannan yake nufi fiye da duk wanda ya rubuta labarin. Amma yanzu na iya karatu da ido biyu. Mutum huɗu ne. An yi musu ne tsakanin mako biyu zuwa huɗu da jin rauni, kafin tabo ya kafu. Nawa tabon ya shekara biyar da ɗoriya, gyaransa wani aiki ne daban mai wuya. Akwai kuma masu bi ta hanyar lantarki: a Lozan ta Suwizalan, a 2023, sun sa wa wani mutumin Holan na'ura a kai da wata a baya, saƙo yana tsallake wurin raunin, har yana takawa da sanda. Wannan ya burge ni ƙwarai, don mu ma idan layi ya lalace a cikin bango ba ma fasa bangon, sabon layi muke ja ta waje. Ina roƙon Allah ya nuna min ranar da ɗaya daga cikin waɗannan zai zama magani na gaske, har ya iso Kaduna da farashin da talaka zai iya. Idan ban riske ta ba, na bayana su riska. Ina son ranar ta same mu da rai, da ƙoda lafiya, da gaɓoɓin da ba su sandare ba.

Shekaranjiya na je wurin dattijon. Yaron bai wuce ashirin da biyu ba, ya juya fuska bango, ya ƙi kallona, na kuma san dalili: keken da nake kai shi yake tsoro. Na gaisa da uban, na ba shi labarin nan kamar yadda na rubuta shi. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Malam, in zauna ke nan in zuba ido?" Na ce, "A'a, Baba, aiki ne a gabanku mai yawa. Yaushe aka juya shi?" Ya kalli uwar yaron, ta ce tun bayan azahar.

Na nemi izinin ma'aikaciyar jinya, ta zo ta tsaya a wajen kai, domin aikin bayansa sabo ne. Na sa uban ya kama kafaɗa, wan yaron ya kama ƙugu, uwar ta riƙe ƙafafu, aka mirgina shi baki ɗaya. Na matso da kekena na ɗaga rigar. A saman mazauninsa akwai jan tabo, bai kai kwabo ba. Na kama yatsan uban na ɗora a kai, na ce ya danna ya saki. Wurin bai yi fari ba, ja ya tsaya. Na ce, "Baba, kun ga wannan? Kada ya sake kwanciya a kansa har sai ya ɓace." Na miƙa wa uwar madubin da na zo da shi, na karɓi wayar wan na saita masa ƙararrawa: shida, takwas, goma, sha biyu, biyun dare.

Ina juya keke zan fita yaron ya yi magana, fuskarsa har yanzu a bango. Ya ce, "Yaya, da gaske kai kake sa wa kanka robar?" Na ce da gaske. Ya ce, "Za ka dawo ka nuna min?" Na ce ranar Asabar, in Allah ya kai mu.